Fatar da Inna Ta Kai Kirkissoye

A gidanmu na Yantala akwai ɗakuna biyu can baya, bayan dogonyaro, waɗanda har gobe muke kira ɗakin maƙera, ko da yake yanzu buhunan gawayi ne da karyayyun kujeru a ciki. Tun kafin a haife ni wani Buzu maƙerin azurfa da matarsa suka kama hayarsu. Fari ne ya koro su daga arewa zuwa Yamai, suka iso da zugazugi da ƴan gudumomi da tabarmi. Babana tela ne, shagonsa yana Maourey kusa da kasuwa, shi ya ji tausayinsu ya ba su wurin. Matar maƙerin muna ce mata Tanti. Aikin fata take yi, jakunkuna da matasan kai masu geza, kuma duk gidan warin jima yake yi har muka daina jin sa.

Yayana shi ne ɗan fari a wurin Inna. Duk wanda ya san Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta ga tukunyarta na neman ƙonewa. Yaron nan take ce masa har ya fito da gemu. Da a ƙauye ne, kakarsa ce za ta ɗauke shi ta shagwaɓa. Mu a Yamai ba mu da kaka kusa, sai Tanti ta ɗauka. Ita ta goya shi, ita ta yaye shi, ita ke ƙwala masa kira da cikakken sunansa daga wancan ƙarshen gida zuwa wannan. A gindin wutar maƙerin ya girma, yana zuga masa, kuma yana jin yarensu fiye da yadda nake jin Zabarmanci, ni da aka haifa a tsakiyar Zabarmawa. Tanti tana da ɗiya sa'ata, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, kwano ɗaya muke ci.

Sai tawayen Buzaye ya tashi a arewa. Yaya ya riga ya shiga soja, aka tura su can, motarsu ta taka nakiya. Ko gawa ba mu gani ba. A zaman makoki Tanti ce ke kuka da murya, tana kuka tana tuƙa tuwon baƙi. Inna tana zaune ido a bushe tana amsa gaisuwa, don ko a mutuwa uwa ba ta zubar wa ɗan fari hawaye a gaban jama'a. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce wa maƙerin ya kwashe kayansa kafin Juma'a, shi ba zai iya buɗe ido ya ga rawani irin nasu a gidansa ba. Maƙerin ya ja amawalinsa sama ya rufe hanci. Tanti ta dubi Inna. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗaga kai ba har amalanken jaki ya fita da kayansu.

Suka haye kogi suka sauka Kirkissoye. A lokacin ba mai son a gan shi a rumfar Buzu, aiki ya tsaya wa maƙerin, ya koma arewa neman danginsa. A hanya ya faɗa tsakanin masu harbi, kuma har yau ba wanda ya gaya mana harsashin wane ɓangare ne. Labarin rasuwarsa ya iske mu da rana tsaka. Na ga Inna ta ɗauko mayafinta, Baba ya ce in ta fita kada ta dawo, ta ninke ta mayar cikin akwati. Wannan uzuri ne, na yarda. Amma Baba ya rasu bayan ƴan shekaru, uzuri ya bi shi kabari, mayafin bai fito ba. Gaisuwar mutuwa kamar fura ce, in ta kwana sai ta fara tsami, in ta daɗe kuma ba mai iya miƙa wa mutum ita. Haka muka zauna da abin a gidanmu, kowa ya san yana nan, ba mai taɓa shi.

Ni na gaji shagon Baba na mayar da shi butik ɗin atamfa. Bakina ba ya shiru, duk layin sun sani, amma ranar da ɗiyar Tanti ta ɗaga labule ta yi sallama sai na sunkuyar da kai na hau ninke atamfa. Na san ta zama mai zane, na sha ganinta a tele, wato talabijin, tana bayani a gaban manyan tablo, hotunan da ta zana da fenti. Ta zauna a kan benci kamar jiya muka rabu, ta tambayi Inna, ta tambayi yarana, ni kuwa ina ta ninke atamfar da take a ninke.

Ta ba ni labarin wata tafiya da ta yi zuwa Ostareliya, inda ta zauna da ƴan asalin ƙasar, baƙaƙen mutane waɗanda Turawa suka karɓe wa ƙasa, har ƴaƴansu aka riƙa ƙwacewa a da. Ta ce ta ga tsofaffin mata zaune a ƙasa sun kewaye ƙyalle guda ƙato, kowace da tsinke da fenti tana ɗiga rijiyoyin kakanninta da hanyoyinsu, ɗigo bayan ɗigo, suna hira, wani lokaci suna waƙa. Zanen nan ne ake kaiwa biranen jikokin waɗanda suka karɓe ƙasar, a rataye, su tsaya a gabansa su saurari abin da da ba sa son ji. Su ma, in ji ta, ba sa ambaton sunan mamaci, kamar dai mutanenta. Ta yi dariya ta ce sai da ta ƙetare duniya kafin ta ga abin da uwarta ke yi tun tana yarinya, don kuwa haka matan Buzaye ke taruwa su ɗinka tantin fata, kowace da gefenta.

Abin da ta dawo da shi ke nan. Tana haɗa tanti guda babba. Kowane gida da ya yi rashi a rikicin arewa, ko ta wane ɓangare, zai kawo fata ɗaya, a yi mata wata alama da ke tuna mamacin, ba rubutu ba suna, mata su zauna su haɗa. In an gama za a kafa shi a fili kowa ya shiga ya sha inuwa. Kunya ta sa ni tsiwa, na ce mata tanti dai ba ya tayar da matacce.

Ta ce, "Ba ya tayarwa. Amma mutum yana iya zama kusa da wanda ba ya iya haɗa ido da shi, in dai hannunsa na aiki."

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce idon Tanti ya kusa tafiya duka, numfashinta ma ya gajarta, in Inna tana da niyyar zuwa kada ta daɗe tana shawara.

Na kai wa Inna maganar da yamma, na tsara ta tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya ba da sa'a, sannan ta tambaye ni ko na sayo gas. Ran nan na yi ta buga kwanoni kamar su suka yi mini laifi. Tsohuwa tana can hayin kogi tana jiran gaisuwar da ta fi wasu ƴaƴana shekaru, mu muna nan muna lissafin gas. Na ce to ni zan rage mata hanya. Na shiga wurin dukawa na zaɓo jar fata mai sheƙi, wadda ta fi kowace kyau, na kawo na shimfiɗa mata a cinya. Ta juya ta gaba da baya.

Ta ce, "Hwatar kasuwa? Wa ya san akuyar wa ce?"

Ta miƙo mini abata ta ci gaba da jan carbi. Na fita ina huci, sai da na kai bakin titi na lura cewa ba ta ce ba za ta je ba.

Babbar salla ta zo. Layinmu ya cika da hayaƙi, an banƙare raguna a kan sanduna an jera su sun kewaye wuta, kowa yana leƙen na maƙwabcinsa yana cewa barka da salla. Kowace shekara masu tara fatu na masallaci ne ke ɗaukar tamu. Bana da suka zo Inna ta leƙo ta ce su yi haƙuri. Da kanta ta kankare fatar, ta zuba mata gishiri, ta shanya a bayan ɗakin maƙera, daga baya ta aika da ita wurin majema. Ta dawo da laushi tana ƙanshin bagaruwa, ba rini ba ado. Inna ta naɗe ta cikin leda ta tura ƙarƙashin gado. Ban tambaye ta ba, don na ɗauka na sani. Na ce a raina ta Yaya ce, har na fara tausayinta, ina tunanin yadda matar da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba za ta zauna a gaban mata ta yi masa alama.

Wata safiya, farkon damina, na iske ta ta yi wanka ta yafa mayafi, leda a hannu. Ta ce in tsayar da taksi. Muka bi ta gada, kogi ya fara yin ja, masu wanki sun shanya kaya a bakin ruwa. Muka sauka Kirkissoye, a ƙofar gidan Tanti.

Gidan yana da fili babba da rumfar zana. An baje tantin a ƙasa, ya kusa cinye filin, ja wur da jar ƙasa da man shanun da ake shafa masa. Mata sun kewaye shi, Buzaye da baƙin lulluɓinsu, Zabarmawa, Hausawa, har da wata da na sani, mijinta soja ne ajin Yaya. Kowace da basilla da siririn zaren fata. Hira kaɗan-kaɗan ake yi, yare uku a haɗe. Kowace fata da alamarta, wata raƙumi, wata takalmin soja, wata ƴar butar shayi, wata ɗige-ɗige ne kawai da mai ita kaɗai ta san ma'anarsu. Tanti tana ƙarƙashin rumfa a jingine da matashi. Na san ta doguwa mai faɗin kafaɗa, yanzu ta koma kamar yarinya cikin zane.

Inna ta yi sallama irin ta kowa da kowa, ta nemi wuri can inda ake tuɓe takalma ta zauna, ta rungume ledarta. Ko wajen rumfar ba ta kalla ba. Mun haye kogi, mun shigo gidan mutane, ga matar da ta goya mana ɗa tana taku kaɗan daga gare mu, uwata ta zauna cikin takalma kamar mai jiran likita. Ni da ke cika baki a gida, ni ma ƙafata ta ƙi kai ni rumfar.

Ɗiyar Tanti ce ta cece mu, ko kuwa in ce ta ƙarasa mu. Ta zo ta gaishe da Inna har ƙasa, ta ce mu taso ta nuna mana aikin. Muka bi ta muna taka gefe-gefe, tana faɗin gidan da kowace fata ta fito. Da muka zo daidai tsakiya ta tsaya, ta nuna wata da ta fi sauran duhu saboda yawan shafawa. An yi mata hoton zugazugi da koren zare, da ƴan hannaye biyu ƙanana a kansa. A jikinta, ɗinki ya haɗa su gam, akwai wata mai hoton guduma.

Ta ce a hankali, "Wannan uwata ta fara yi, tun idonta na gani. Kafin ma ta babana."

Ba sai an gaya mini ta Yaya ce ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun kore ta daga makokinsa tun ranar uku, ta ɗauki makokin ta haye kogi da shi, ta yi abinta ita kaɗai, kuma ta kwantar da shi kusa da mijinta a tsakiyar tanti. Na saci kallon ledar hannun Inna na ce shi ke nan, mun kawo fatar da ba ta da mai ita.

Inna ta daɗe tana kallon zugazugin. Fuskarta ba ta nuna komai ba, kamar kullum. Sai ta juya ta kewaye tantin gaba ɗaya, ta bi ta bayan mata har rumfa, ta durƙusa a gaban Tanti, gwiwoyinta suna ƙara.

Ta ce, "Ni ce."

"Na ji muryarki tun daga ƙofa."

"Gaisuwa na zo yi. Ya muka ji da haƙuri? Allah shi jiƙan maigida, Allah shi sa ya huta."

Basillu suka tsaya. Wata Bazabarma a bayana ta tambaya a hankali wa ya rasu. Gaisuwar ta fito daidai yadda ake yin ta ranar da aka kai mutum, ba ragi ba ƙari, kuma jin ta a haka ya fi mini ciwo da a ce Inna ta tsaya kawo dalilai.

Tanti ta ce amin. Ta maida numfashi, sannan ta ce, "Na shimfiɗa miki tabarma ranar uku. Na shimfiɗa ranar bakwai. Ranar arba'in ɗiyata ta ce in bari, ban bari ba."

Inna ta ce, "Ba ni da bakin magana."

Ta kwance leda ta fito da fatar ta ɗora mata a cinya, ta ce ta maigidan ce, ragon gidanmu ne. A nan na gane ba ta Yaya ba ce tun farko. Tanti ta shafa ta daga wuya zuwa wutsiya, ta kai hanci ta shaƙa, ta yaba wa majemin. Sannan ta ce maigida ya riga ya samu tasa, wancan ma ya samu. Wancan ta ce, don mutanenta ba sa kiran sunan wanda ya tafi. Ga mata biyu a kan tabarma ɗaya, ɗa guda a tsakaninsu, ɗaya kunya ta hana ta sunansa tun yana raye, ɗaya mutuwa ta ƙwace mata shi daga baki.

Fatar tana nan a cinyar Tanti, ba ta karɓa ba, ba ta mayar ba. Inna tana durƙushe, mata suna kallo. Sai na ji zuciyata ta taso, na ce a raina ai tsohuwa ta zo har gida ta durƙusa, me kuma ake so ta yi. Har na ɗaga ƙafa zan je in kama hannunta mu tafi. Sai na tuna amalanken jaki yana fita daga gidanmu, na mayar da ƙafata inda take, kunyar fushin ta fi fushin zafi.

Tanti ta kira ɗiyarta suka yi magana da yarensu. Ɗiyar ta juyo ta ce gefen gabas, inda hadari ke bugowa, bai kai ƙasa ba, yana neman fata ɗaya. Wurin ba ya ɗaukar alama, don rairayi ne ke rufe shi. In Inna ta yarda, nan ne ya rage. Inna ta ce ta yarda tun kafin a rufe baki. Ta ɗauki fatarta ta koma can ƙarshen, aka ba ta basilla da zare. Matar tela ce, amma ba ta taɓa huda fata ba, basillar tana zamewa tana sukar yatsanta, tana tsotsewa tana ci gaba.

Can sai ga Tanti tana jan jiki a zaune, da kaɗan-kaɗan, ta ƙi a kama ta, har ta iso gefen gabas ta zauna kafaɗarta na gogar ta Inna. Ta laluba ɗinkin da yatsa, ta sa farce ta zare shi tas.

Ta ce, "Ruwa zai shiga. Sake."

Inna ta ce to. Na girma a hannun matar nan, ban taɓa jin ta ce wa wani to da sauri haka ba, ko Baba sai ta ja masa rai.

Da azahar muka yi sallama. Ba wanda ya ce na yafe, ba wanda ya ce a yafe mini. Tanti dai ta ce ɗinki bai ƙare ba, Inna ta ce gobe in Allah ya kai mu. Kashegari ta koma, jibi ma haka. Wasu ranakun ina raka ta, in zauna can gefe ina yanka zare, ina gaisawa da ƙawata ta yarinta a taƙaice, don har yanzu idonta nauyi yake yi mini. Sauran gefunan duk aka gama su, matan suka ragu, damina ta yi nisa, gefen gabas yana nan inda yake.

Ni ɗiyar tela ce, na san ɗinki in ya yi kyau. Hannun Inna ya faɗa tun makon farko, ɗinkinta ya matse ya miƙe, ko ɗigon ruwa ba zai ratsa ba. Amma kullum Tanti sai ta laluba ta zare rabin abin da aka yi, ta ce a sake. Wata safiya na ga Inna tana naɗe yatsunta da tsumma kafin ta yafa mayafi, abin ya ci ni, na ce mata wai ita ba ta gani ba ne, matar nan ɗinki mai kyau take warwarewa, wahalar da ita kawai take yi.

Ta gama ɗaure tsumman da haƙori, ta dube ni.

Ta ce, "Na gani. Ita ta yi jiran da ya hi wannan. Tashi ki tsaida mini taksi."